Wane wata ya fi dacewa mu je Shikago ni da Alhaji?

Hajiyar Tudun Wada ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san birnin Shikago na Amurka da zama, ba da jin labari ba. Yaron wajenmu na fari yana can shekara biyar ke nan, ya gama karatu, ya samu aiki, ya yi aure, bana kuma Allah ya ba su 'ya mace aka yi mini takwara. Tun da aka haifi kishiyar tawa a waya kawai nake ganinta. Takardunmu sun kammala ni da mahaifinsa, kuma mako uku muke so mu yi, don Alhaji ba ya iya barin shago fiye da haka.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne lokaci. Duk sanda na tambayi yaron sai ya ce, "Umma, duk ranar da kuka shirya ku taho." Na san halinsa, tsoro yake kar ya faɗi wani abu mu fasa. Mai yanka mana tikiti ya ce Afrilu ya fi sauƙin kuɗi, kuma wai lokacin bazara ne a can, sanyi ya wuce. Na ji daɗin maganar, don Afrilu a Kaduna ai neman hanyar gudu ake yi saboda zafi. Sai da na koma kan hotunan da surukata ta turo a Afrilun bara, na gan su cikin manya-manyan rigunan sanyi a bakin wani ruwa mai kama da teku, bishiyoyin bayansu ko ganye ɗaya babu. To wace irin bazara ce wannan?

Alhaji shekarunsa 67, yana da asma, ga ciwon gwiwa. Hunturun nan namu ma sai ya sa rigar sanyi biyu da hula har kunne. Kuma mutum ne da ba ya zaman ɗaki, in bai taka ƙafa ya je masallaci ba ranar babu zaman lafiya a gidan. Ba na so mu kashe kuɗin nan mu je mu ƙare a bakin taga. Don Allah wane wata za mu zaɓa?

Baban Yasmin ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya takwara, ya sa mai albarka ce. Ni mutumin Gusau ne, ina garin nan tun 2006, kuma yawancin shekarun a bayan sitiyari na yi su, tasi nake ja. Wanda yake wuni a titi ya kwana a titi ba a ba shi labarin garin, don haka abin da na gani da idona zan faɗa miki.

Kar ku zo a Afrilu. Mai tikitin bai yi miki ƙarya da gangan ba, kalmar bazara ce ta ruɗe ku gaba ɗaya. Mu in an ce bazara, zafin nan muke nufi na kafin ruwan farko, lokacin mangwaro, ana kwana a tsakar gida ana fifita. Abin da ake fassara mana da bazara a nan kuwa lokaci ne da sanyi ya sassauta riƙo amma bai saki ba. A Afrilu in an yi sa'a da rana a kai digiri 15, da asuba kuma 4 ko 5, abin da ko Jos a tsakiyar hunturu ba kasafai take kaiwa ba. A 2019 sau biyu dusar ƙanƙara ta sauka mana a cikin Afrilu, ɗaya a tsakiyar wata, ɗaya ana saura kwana kaɗan ya ƙare.

Ni kaina a ƙarshen Afrilu na fara sauka. Daga Legas na kira yayana na ce yaya garin, ya ce arba'in ne. Na ce to ai gida na baro gida zan je. Na saka sabuwar shadda, hula zanna, da takalmi mai buɗaɗɗen yatsu. Ashe arba'in ɗinsa ta ma'aunin Fahrenheit ce wanda Amurkawa ke aiki da shi, a namu digiri 4 ke nan. Ƙofar filin jirgin O'Hare na buɗewa iska ta shiga ta ƙafar wando ta fito ta wuya. Har yau in muka haɗu sai ya yi mini dariya. Don haka in yaronki ya faɗa miki lamba, ki tambaye shi ta wane ma'auni. A nasu 32 ita ce ruwa ya daskare, 50 ita ce 10 a namu, 70 ita ce 21, sai sun ce 90 sannan aka kai 32 ɗin da kika sani.

Ruwan da kika gani a hoton nan shi ne sarkin garin, kuma in kika gane halinsa kin gama gane komai. Ba teku ba ne, Tafkin Mishigan ne, ruwan daɗi, shi muke sha a famfo. Tsawonsa ya kusa kilomita 500, faɗinsa 190 a inda ya fi faɗi, zurfinsa a wani wurin ya kai mita 280. Ya ninka Tafkin Chadi na shekarun 1960, lokacin yana cike, fiye da sau biyu. Kin san tukunyar biki, wadda ake dafa buhun shinkafa. Kafin ta tafasa sai an gaji da tura itace, in kuma ta tafasa, ko an janye wuta sai ta wuni ba ta huce ba. Haka tafkin nan yake. Duk tsawon hunturu yana shan sanyi har bakinsa ya daskare. In rana ta fara ɗumama ƙasa a Afrilu da Mayu shi yana nan da sanyinsa, ruwan ko digiri 10 bai cika wucewa ba sai Mayu ya yi nisa. Ƙasa ta yi ɗumi iskar da ke kanta ta tashi sama, sai ta kan tafki mai sanyi ta kwararo ta cike gurbin. Sau nawa na ɗauko fasinja daga O'Hare yana fifita da jarida, kafin mu kai tsakiyar gari, tafiyar kilomita 27 kacal, yana roƙona in kunna masa hita. Shi ya sa masu hasashen yanayi a talabijin lamba biyu suke bayarwa, ta cikin gari da ta bakin tafki. Akwai ma wata iska da ke gangarowa ta tsawon tafkin daga arewa, ta faɗar da zafin gari cikin sa'a guda, har laƙabin ciwon nimoniya suka yi mata.

In kina son shaidar da ba ta bakina ba, ga dokar gari. Mai gidan haya dole ne ya ba 'yan haya ɗumi daga 15 ga Satumba har 1 ga Yuni, ɗaki ya kai digiri 20 da rana. Hukumar da ta ja dokar ɗumama ɗaki har Yuni ta san abin da take yi.

Duk da na san wannan sai da na yi wauta. A Mayun 2014 na kawo Innata, saboda tikiti ya yi araha, irin lissafin mai tikitinku sak. Shekarar kuma hunturu ya yi tsanani, a Maris sama da kashi 90 cikin 100 na tafkin ƙanƙara ta rufe shi, don haka sanyin bai bar ruwan da wuri ba. Wata guda ta yi, kusan duka a kan kujera ɗaya jikin ƙarfen ɗumama ɗaki, da carbi da bargo. Sau ɗaya na kai ta bakin ruwa. Ba ta yi minti goma ba ta ce in mayar da ita mota, wai mu muna zaune cikin firij muna aika wa mutane hoto muna cewa muna Turai. Da ta koma Gusau kuwa duk wanda ya zo sannu da zuwa labarin firij take ba shi.

To juya tukunyar. Daga Yuni zuwa Agusta tafkin yana shan rana, ruwansa ya haura digiri 20. In Satumba ta shigo rana ta fara ja da baya, shi ke riƙe wa garin ɗumi, har dare a bakin ruwa ya fi na unguwannin nesa sauƙi. A Satumba da rana wajen 24 ne, da dare wajen 14. Kamar safiyar Kaduna a farkon Disamba, sai dai babu ƙura, leɓe ba ya tsagewa, sama tas. Litinin ta farko a Satumba hutun ma'aikata ne a Amurka, daga ranar 'yan yawon buɗe ido ke raguwa, yara sun koma makaranta, layin shiga wurare ya gajarce, amma jiragen ruwan da ke zagayawa da mutane cikin kogi tsakanin dogayen benaye suna nan suna aiki. Wannan tsakanin, daga nan zuwa wajen 10 ga Oktoba, shi ne amsar tambayarki.

Ga Alhaji ma akwai wani abu da Bature ba zai rubuta miki a intanet ba, lokutan salla. Garin nan ya yi arewa sosai, don haka rana ba ta da tsayayyen hali. A Yuni asuba wajen 3:30 take, magariba 8:30, isha'i bayan 10 na dare. Dattijon da ya saba yin isha'i ya kwanta, sai ya ga ya rufe ido ke nan an ce alfijir ya keto. Azumin 2015 da 2016 sa'a 17 muka riƙa yi, ina tuƙi ina ganin layin titi bibbiyu. A Disamba kuma akasin haka, la'asar wajen 2, magariba 4:20, kafin ka naɗe darduma wata sallar ta shigo. Amma a ƙarshen Satumba asuba wajen 5:20, magariba kafin 7, kusan yadda kuka saba. Bambancin sa'a 6 da ke tsakaninmu da gida ma ya ishi jiki aiki, ba sai an ƙara masa wani ba.

Da na sake kawo Inna a Satumban 2017 sai aka yi wani zafi na ba-zata a ƙarshen watan, kusan mako guda ana wuce digiri 32. Mutanen gari suna ƙorafi, ita kuwa kullum da yamma sai na kai ta bakin ruwa ta zauna a benci tana kallon masu gudu da karnuka tana yi musu tsiya da Hausa. Na faɗi wannan ne don ki san garin ba ya ɗaukar alkawari, amma in Satumba ta kauce, yawanci wajen ɗumi take kaucewa.

Hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Maris, ki cire shi daga lissafi. A Janairu da rana tsaka ma da ƙyar ake kaiwa sifili, da dare 7 ƙasa da sifili abu ne na yau da kullum. Ranar 30 ga Janairun 2019 an kai 31 ƙasa da sifili, har masu kai wasiƙa aka dakatar, ana kunna wuta a mahaɗar layin dogo don kar ƙarfen ya daskare. A farkon Fabrairun 2011 dusar ƙanƙara ta fi rabin mita, iskar tafki ta tara ta a kan babban titin bakin ruwa, Lake Shore Drive, ɗaruruwan motoci suka maƙale, mutane suka bar su a nan suka tsira da ƙafa. Ni Allah ya taimake ni na ajiye mota tun la'asar. Kashegari kuwa kowa ya haƙe wurin ajiye motarsa da shebur, ya kafa tsohuwar kujera a wurin, wai shaidar nasa ne, kuma wallahi wanda ya ɗauke kujerar wani ya nemi rigima. Duk wannan labari ne mai daɗin bayarwa. Abin da ke kai dattijai asibiti shi ne siririyar ƙanƙarar da ke kwanciya a kan dakalin titi ba a ganinta, ka taka ka ji ka a ƙasa. Mai ciwon gwiwa ba shi da abin yi a nan a wannan lokaci.

Ɗan Zangon Kumasi ya amsa:

Hajiya barka da arziki. Baban Yasmin ya yi bayani, amma ni ban yarda a tsallake Yuli haka kawai ba. Mu da muka taso a rana me ya haɗa mu da tsoron digiri 29? Mutanen garin nan wata tara suke jiran wata uku, in kika zo lokacin za ki ga Shikago da ranta. Bakin ruwa cike da jama'a tun daga ƙarshen Mayu da ake buɗe wuraren wanka har farkon Satumba da ake rufewa, hanyar ƙafa ta bakin tafki mai kilomita 29 ba masaka tsinke, ana wasan wuta a Navy Pier, wani wurin shaƙatawa a bakin tafki, daren Laraba da Asabar. A ƙarshen Yuli muna da Ghanafest, bikin 'yan Ghana, a Washington Park, sarakuna da lema da kente, ga wake da shinkafa irin namu na Zango, ga suya, kuma za ki ji Hausa tana tashi ta ko'ina har ki manta inda kike. A Agusta jiragen yaƙi suna wasa a saman ruwa kyauta. Wanda ya zo bayan an naɗe tabarma ai biki ya wuce shi. Kuma Alhaji zai sa kaftaninsa ya fita haka nan, ba rigar sanyi ba safa.

Abu ɗaya dai zan ja kunne. In da matasa a tafiyar, kar kowa ya shiga ruwan nan don ya gan shi kwance. Yana da igiyar da ke jan mutum ta ƙasa zuwa ciki, kuma a cikin manyan tafkuna biyar na yankin shi ya fi cin mutane. In an kafa jar tuta a bakin ruwa, kallo kawai.

Anti Nas ta amsa:

Mama ina wuni. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan, shekara tara. Na tsaya ne a kan asmar Baba, don ban ga wanda ya taɓa ta sosai ba.

Maganar Baban Yasmin a kan Satumba gaskiya ce, amma akwai gyara kaɗan. Akwai wata ciyawa da suke kira ragweed, ta cika wannan yanki. Daga tsakiyar Agusta take sakin ƙurar furenta, abin ya fi ƙarfi a farkon Satumba zuwa tsakiyarta, ba ta ɗaukewa gaba ɗaya sai sanyi ya fara daskarar da raɓa. Masu asma da yawa lokacin suke cika mana asibiti, ga murar da yara ke kwasowa daga makaranta da zarar an koma. Ba kowa take tayar wa ciwo ba, kuma wanda bai taɓa shaƙarta ba sau da yawa ba ta kama shi a zuwan farko, amma ni da iyayena ne zan ja tafiyar zuwa kwana goman ƙarshe na Satumba ta shiga Oktoba. Busasshiyar iskar hunturu mai sanyi kuwa ita ce babbar abokiyar gabar mai asma, wannan ba ma a magana.

Yaya Ɗan Zango, Yuli tana da daɗi, amma zafinta ba irin na Kaduna ba ne, mai gumi ne irin na Legas, iska ta yi nauyi a ƙirji. Kuma 'yan shekarun nan hayaƙin gobarar dajin Kanada yakan gangaro mana a watannin zafi. A ƙarshen Yunin 2023 an wayi gari benaye sun ɓace cikin hayaƙi, aka ce ranar babu babban birnin da ya kai mu gurɓatar iska a duniya. Manhajar yanayi ta waya tana nuna lambar tsabtar iska. Ki ce wa yaronki ya riƙa dubawa kullum da safe, in ta wuce 100 Baba ya haƙura da fita mai nisa ranar.

Sai magani. Ku taho da abin shaƙarsa guda biyu ko uku, da na gwiwa da duk wanda yake sha, wanda zai ishe shi har da rara, cikin kwalayensu na asali da takardar likita, kuma a jakar hannu, ba a akwatin da za a auna ba. A nan ba a shiga kantin magani a ce a ba ni abin shaƙar asma irin wanda ya saba, sai likita ya rubuta. Ku sayi inshorar lafiya ta matafiya kafin ku taso, ku tabbatar ta haɗa da ciwon da mutum yake da shi tun da, don kwana ɗaya a asibitin Amurka ba tare da ita ba yana iya fin kuɗin tikitinku ku biyu. A jirgi kuma ya nemi kujerar bakin hanya, ya riƙa tashi yana taka ƙafa.

Hajiyar Tudun Wada ta sake rubutawa:

Kai, Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci. Na karanta wa Alhaji duka, labarin arba'in ya sa shi dariya har da tari. Ɗan Zango ka kusa saye shi da maganar suya, amma da ya ji asuba 3:30 sai ya ce a bar wa matasa. Mun tsayar da shawara in Allah ya yarda za mu tashi wajen 20 ga Satumba mu dawo wajen 10 ga Oktoba. Na kira yaron na faɗa masa, sai cewa ya yi dama lokacin ya fi so mu zo. To me ya hana ka faɗa tun farko?

Saura tambaya ɗaya Baban Yasmin. Alhaji ya ce shi fa ba zai sa wando da kwat kamar ɗan makaranta ba, da manyan rigunansa zai tafi. Ni ma atamfa da leshi na ɗinka. Za su yi, ko sai mun sayi kayan sanyi a nan?

Baban Yasmin ya sake amsawa:

Hajiya, lokacin ya yi daidai, kuma na karɓi gyaran Anti Nas, ita ta fi ni sanin ƙirji. Ɗan Zango kuma ina gaishe shi, amma ya tambayi tsofaffin direbobi labarin Yulin 1995. Ban zo ba lokacin, su suka ba ni. An kai digiri 41, mutum sama da 700 suka rasu cikin 'yan kwanaki, yawancinsu tsofaffi a ɗakunan bene na jan bulo da ba su da na'urar sanyaya ɗaki. Gidajen garin nan an gina su ne don su riƙe zafi, ba don su sake shi ba, babu tsakar gida babu inuwar darbejiya.

Kar ku sayi komai a Kaduna. Rigar sanyin kasuwarmu ta hunturunmu ce, iskar tafki ratsa ta take yi. Alhaji ya zo da kayansa, ba wanda zai kalle shi sau biyu a garin nan. Sirrin yana ciki ne ba waje ba. Yaro ya saya masa dogon wando da riga masu kama jiki na sawa a ƙarƙashi, da safa mai kauri, da rufaffen takalmi mai taushin ƙasa, sai jaket guda mai tare iska da zai ɗora kan kaftani da safe da bayan magariba. Ke ma haka, a ƙarƙashin zani, da mayafi mai ɗan nauyi. Makon farko wataƙila ba ku taɓa su ba, makon ƙarshe za ku gode, don a Oktoba da rana ana saukowa 17, da asuba 7 ko 8. Babbar riga kuwa a ajiye ta don Juma'a. In ya fita da ita bakin ruwa ranar iska, cika take yi kamar balan-balan, na ga wani Alhajin Sakkwato yana kokawa da tasa a gaban jama'a hula tana gudu a gabansa.

Ku fara da abubuwan waje tun garin yana da ɗumi. Jirgin ruwan cikin kogi a makon farko, yana zaune ne ba tafiya, gwiwa ba za ta sha wahala ba. Gidan namun dajin Lincoln Park kyauta ne. Akwai wani ƙaton ƙarfe mai ƙyalli a Millennium Park da suke kira wake saboda siffarsa, nan kowa ke ɗaukar hoton da zai nuna a gida. Hawa na 103 na benen Willis kuma a zaɓi ranar da sama ta washe, in da gajimare kuɗin banza ne. Gidajen tarihi da kasuwanni a bar su sai makon ƙarshe, lokacin ganyen bishiyoyi ya fara komawa ja da rawaya, ko daga mota aka kalla ya isa. Don masallaci, in gidan yaron yana arewacin gari, wajen titin Devon akwai masallatai da mahautan halal da ake zuwa da ƙafa. In kuna tsakiyar gari ranar Juma'a akwai Downtown Islamic Center a titin State.

Abu biyu kar su ba ku tsoro. Talata ta farko a kowane wata da ƙarfe 10 na safe ana gwada jiniyar gargaɗin guguwa, za ta same ku a farkon Oktoba, gwaji ne kawai. Inna da ta ji ta sai ta ɗauka yaƙi ne, ta hau salati. Sannan gasar gudun fanfalaki ta gari yawanci Lahadi ta biyu a Oktoba ake yinta, dubun-dubatar mutane, a rufe tituna tun asuba. Ki ce wa mai tikitin ya duba kalanda, kar ranar komawarku ta faɗa a kanta. In kuma ta faɗa, yaro ya sa ku a jirgin ƙasa mai shuɗin layi, har cikin filin jirgi yake shiga.